Amfanin Karanta Rubutun Jikin Gwangwani Ga Mai Gudun Sukari

Hausawa na cewa lafiya uwar jiki, babu mai fushi da ke. Amma duk da haka kullum mukan sayi abin ci da abin sha a kanti, mu fasa, mu zuba a ciki, ba mu tsaya mun duba abin da aka rubuta a jikinsa ba. Abu biyu kaɗai muke dubawa, watau kuɗinsa da hoton da ke gabansa. Nufina a wannan ɗan rubutu shi ne in bayyana wa 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu yadda mutum zai gane yawan sukarin da ke cikin gwangwani ko kwalba ko leda tun bai buɗe ba. Ba ya bukatar zurfin ilmi. Duk wanda ya iya sau da rabawa na aji huɗu na firamare zai iya.

A zamanin kakanninmu zaƙi ba ya ɓuya. Mai son zaƙi a ƙasarmu ta Tofa ya san inda zai same shi: rake, zuma, mazarƙwaila, dabino, ko nakiya da alkaki in ana biki. Yana kuma ganin yawan abin da ya sa a baka. Yanzu kuwa kaya na fitowa daga Kasuwar Singa a Kano su watsu ko'ina. Ka je Lambu, ka je Yanoko, ka je Doka ko Janguza, ba za ka rasa mai tebur da biskit, madarar leda, garin shayi, alewa da lemo iri iri ba. Sukarin da ke cikin waɗannan an narka shi tun a masana'anta. Ido ba ya ganinsa, sai dai a karanta.

Mene Ne Ciwon Sukari?

Malaminmu na kimiyya ya koya mana cewa duk abincin da ke da sitaci ko sukari, kamar tuwo, shinkafa, burodi da alewa, in ya narke a ciki yakan zama wani irin sukari da ake kira gulukos, ya shiga jini. Akwai wani sinadari a jiki mai suna insulin, wanda aikinsa shi ne ya buɗe wa gulukos hanya ya bar jini ya shiga tsoka da sauran gaɓoɓi, ya zama ƙarfi. In insulin ya yi ƙaranci, ko jiki ya daina jin maganarsa, sai sukari ya taru a jini. Wannan shi ne ciwon sukari. Alamunsa su ne yawan fitsari, yawan ƙishirwa, kasala, rama, da gyambon da ba ya warkewa da wuri. In aka bar shi yakan taɓa ido, ƙoda, zuciya da ƙafafu.

Ciwon iri biyu ne manya. Na farko yakan kama yara da matasa, jiki ya daina yin insulin, dole sai da allura. Wannan allura ta samo asali ne daga binciken da Frederick Banting da Charles Best suka yi a birnin Toronto na ƙasar Kanada a 1921, shi ya sa ake Ranar Ciwon Sukari ta Duniya ran 14 ga Nuwamba, ranar haihuwar Banting. Na biyu shi ya fi yawa, yakan kama manya, kuma gado, ƙiba da rashin motsa jiki duk suna da hannu a cikinsa. Ba shan sukari kaɗai ke kawo shi ba, amma yawan shan lemo mai zaƙi yana ƙara haɗarinsa, ga kuma ruɓar da haƙori. Ƙungiyar Ciwon Sukari ta Duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa manya miliyan 537 ne ke da ciwon a duniya, miliyan 24 daga cikinsu a Afirka, kuma fiye da rabin na Afirka ba su ma san suna da shi ba.

Abin da ya sa na shiga wannan bincike shi ne Baffana, yayan mahaifina. Manomi ne, mai dawa da gero da gyaɗa. Bara aka gwada jininsa a asibiti aka ce yana da iri na biyu, aka ba shi magani, aka ce ya rage zaƙi. Baffa ba ya wasa da maganar likita. Daga ranar ya daina sa sukari a koko da shayi. To amma 'yan dubiya suka yi ta zuwa da lemon kwali mai hoton mangwaro da lemon malt, suna cewa waɗannan na marasa lafiya ne, suna ƙara ƙarfi. Da na zo hutu sai ya miƙo mini kwali ɗaya ya ce, "Kai ɗan boko, duba mini, me suka ce a nan?" Na duba, na yi lissafi a ƙasa da tsinke, na ce, "Baffa, wannan kwalin na lita ɗaya yana da sukari kamar ƙaramin cokali 27." Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Ashe na kori ɓarawo ta ƙofa ya dawo ta taga." Yadda na yi wannan lissafi shi ne zan nuna a ƙasa.

Nawa Ne Ya Isa A Yini?

Kafin a auna kaya sai an san mudu. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cewa sukarin da ake ƙarawa a abinci kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum ke samu daga abincinsa na yini. Ga babban mutum matsakaici, wannan ya kama kamar giram 50, watau ƙaramin cokali 12. Ta kuma ce in an rage zuwa rabin haka, giram 25 ko cokali 6, ya fi kyau. Cikin wannan lissafi an haɗa da zuma da ruwan 'ya'yan itatuwa da aka matse. Ba a haɗa da sukarin da Allah ya halitta a cikin nonon saniya ko ɗanyen mangwaro da gwaiba da aka ci yadda suke ba. Wannan ma'auni na mai lafiya ne. Mai ciwon sukari likitansa ne zai yanka masa nasa.

Abin da za a riƙe a ka shi ne: ƙaramin cokalin shayi ɗaya, shafe ba tozo, yana ɗaukar sukari kamar giram 4. Wannan lamba 4 ita ce mabuɗin duka darasin.

Wuri Na Farko: Jerin Kayan Haɗi

Juya gwangwanin baya, ka nemi kalmar "Ingredients". A nan ake jera abubuwan da aka haɗa. Ƙa'ida ita ce a fara da wanda ya fi nauyi, a gangara zuwa mafi ƙanƙanta. Saboda haka in ka ga "sugar" ita ce ta farko ko ta biyu ko ta uku, ka san abin nan sukari ya yi masa yawa, ko me aka zana a gabansa. A lemon gas da yawa za ka ga ruwa ne na farko, sukari na biyu.

Sai dai sukari yana da sunaye da yawa, kamar mai bashi da ke gudun masu binsa. Yawancin kalmomin da suka ƙare da "ose" sukari ne: "sucrose", "glucose", "fructose", "dextrose", "maltose". Haka duk inda ka ga "syrup", da kuma "honey", "molasses", "malt extract" da "fruit juice concentrate". Akwai kuma "maltodextrin", wanda ba shi da zaƙi sosai a baki amma yana ɗaga sukarin jini da sauri. Wani lokaci za ka ga uku daga cikin waɗannan sunaye a jeri ɗaya, kowanne a tsakiya ko can ƙasa. In da za a haɗa su wuri guda, da wataƙila su ne za su hau sama.

Kayan da ke shigowa ta Nijar ko Kwatano sau da yawa da Faransanci ake rubuta su. A can sukari shi ne "sucre", zuma "miel". Waɗanda ke da rubutun Larabci kuwa, almajirai da iyayenmu masu karatun allo za su gane kalmar sukkar ba tare da taimakon ɗan boko ba.

Wuri Na Biyu: Akwatin Lambobi

Kusa da jerin akwai ɗan akwati mai layuka, da kan magana "Nutrition Information" ko "Nutrition Facts". Ka gangara zuwa "Carbohydrate". Ƙarƙashinta za ka ga "of which sugars" ko "Sugars". Da Faransanci "Glucides" ne da "dont sucres". Lambar da ke gabanta ita ce yawan sukari da giram.

Amma kafin ka yi murna ko baƙin ciki, duba saman layin, ka ga lambar ta me ce. Galibi layi biyu ne. Ɗaya yana nuna abin da ke cikin giram 100 ko mililita 100. Ɗaya yana nuna abin da ke cikin "serving", watau rabon ci ɗaya yadda kamfani ya ƙaddara. In kana gwada kaya biyu, yi amfani da layin 100, don shi ne mudu ɗaya ga kowa. In kana son sanin abin da zai shiga cikinka, sai ka yi lissafi.

Ga misali na farko. A ce kwalbar lemo ta nuna sukari giram 10 a mililita 100, wanda kusan haka lemon gas da yawa suke. Kwalbar roba mai 50cl mililita 500 ce, watau 100 sau 5. To 10 sau 5 ya zama giram 50. Raba 50 da 4, ka sami cokali 12 da rabi. Kwalba ɗaya tak ta cinye rabon yini duka. Ƙaramar kwalba mai 35cl kuwa giram 35 ce, kusan cokali 9. Wane ne a cikinmu zai iya zuba cokali 12 na sukari a kofin ruwa ya shanye yana kallo? Amma da yake an sanyaya shi an sa masa gas, sai ya wuce ba a ji ba.

Misali na biyu. A ce ledar biskit ta nuna giram 6 a "serving", a sama kuma an rubuta "serving" ɗin giram 25 ne, alhali ledar duka giram 100 ce. Kamfani yana nufin ledar ta ci huɗu ce. Mu kuwa mun san ɗalibi ba ya raba ledar biskit huɗu. Wanda ya cinye ta ya ci 6 sau 4, giram 24, cokali 6.

Kwalin Baffa ya nuna giram 11 a mililita 100. Lita ɗaya mililita 1000 ce, saboda haka 11 sau 10 ya zama 110, a raba da 4 a sami 27 da rabi.

Ga wanda ba ya son dogon lissafi a gaban mai kanti, akwai ma'aunin da ake amfani da shi a Ingila. A abin ci, in sukari bai wuce giram 5 a giram 100 ba, kaɗan ne. In ya wuce giram 22.5, ya yi yawa. A abin sha, giram 2.5 zuwa ƙasa a mililita 100 kaɗan ne, abin da ya wuce 11.25 ya yi yawa. A can har launi ake sawa a gaban kwali kamar danja ta hanya: kore, ruwan ɗorawa da ja.

Wuri Na Uku: Manyan Kalmomin Gaba

A nan ne ake yi wa rogo kallon kitse. Rubutun gaba talla ne, na baya shi ne bayani. "No added sugar" yana nufin ba a ƙara sukari ba, ba ya nufin babu sukari. Ruwan lemon zaƙi zalla, ko ba a ƙara masa komai ba, yana da sukari kusan daidai da lemon gas. "Low fat" maganar mai ce, ba ta shafi zaƙi ba. "Natural" da "Energy" da jerin bitamin ba su ce komai game da sukari ba, hasali ma inda aka ce "Energy" sau da yawa ƙarfin daga sukari yake. "Sugar free" shi ne ke nufin kusan babu, kuma galibi an sa wani mazaƙi a madadinsa, kamar "aspartame", "sucralose" ko "stevia". Waɗannan ba sa ɗaga sukarin jini kamar sukari, amma biskit mai irin wannan rubutu har yanzu da fulawa aka yi shi.

A lura da madarar gwangwani, don iri biyu ce masu kama da juna. Wadda aka rubuta "evaporated" an ƙafar da ruwanta ne kawai, zaƙinta na nono ne. Wadda aka rubuta "sweetened condensed", mai kauri da yauƙi, fiye da rabin nauyinta sukari ne. Babban cokali ɗaya nata ya kusa ƙaramin cokali 3 na sukari. Haka madarar gari ta leda da garin shayi mai launin ƙasa, kowanne a duba jerinsa.

Lambar hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, tana nuna an yi wa kayan rajista. Yana da kyau a neme ta tare da ranar lalacewa, amma ba shaida ce ta cewa sukari kaɗan ne ba. Iyayenmu mata su lura har da abincin jarirai. A 2024 wata ƙungiya ta ƙasar Suwizalan mai suna Public Eye ta fitar da rahoto cewa garin Cerelac da ake sayarwa a ƙasashen Afirka da Asiya, har da Nijeriya, yana ɗauke da ƙarin sukari, alhali irinsa da ake sayarwa a Ingila da Jamus ba a ƙara masa ba. Yaron da aka saba wa zaƙi tun yana goye da wuya ya so kunun da ba shi da shi.

Abin Da Ba Shi Da Rubutu

Zoɓo, kunun aya, kunun zaƙi, fura da nono, shayin mai shayi, gullisuwa, alewar madara, cincin da dubulan duk ba su da akwatin lambobi. A nan baki ne zai yi aikin ido, matambayi kuwa ba ya ɓata. Ka ce wa mai shayi, "Malam, haɗa mini ba sukari, zan sa da kaina." Ka ce wa mai fura ta dama ba sukari. A gida a riƙa ɗebar wa mai ciwo nasa kunun kafin a zuba wa na gida sukari.

Mutane da yawa suna ɗauka zuma da mazarƙwaila da dabino ba sa cutar da mai ciwon sukari tun da ba na kanti ba ne. Zuma abu ne mai daraja da amfani, amma kamar kashi 80 cikin 100 nata sukari ne. Busasshen dabino kusan kashi biyu cikin uku. Mazarƙwaila kuwa ruwan rake ne aka dafa ya daskare. Mai ciwo ya tambayi likita gwargwadon da zai iya ci, musamman lokacin azumi da ake buɗa baki da su.

Gargaɗi Uku

Na ɗaya, mai ciwon sukari kada ya tsaya kan layin "Sugars" kaɗai, ya duba "Carbohydrate" duka, domin sitaci ma gulukos yake zama. Malmalar tuwon shinkafa uku ba ta da zaƙi a baki, amma jini ya san da zuwanta. Rage malmala, a ƙara miyar ganye, wake, zogale da rama.

Na biyu, karanta rubutu ba ya maye gurbin magani ko gwajin jini. Kada wanda ya rage sukari ya ajiye ƙwayoyinsa sai likita ya ce.

Na uku, akwai lokacin da sukari ke ceton rai. Mai yin allurar insulin ko shan wasu ƙwayoyin, sukarin jininsa yakan faɗi ƙasa ƙwarai in bai ci abinci ba ko ya yi aikin gona mai tsanani. Zai ji rawar jiki, gumi, jiri da yunwa. A nan sai a ba shi sukari kamar cokali 4 a ruwa nan da nan, muddin yana cikin hayyacinsa yana iya haɗiya. In ya suma kada a ɗura masa komai, a garzaya da shi asibiti. Haka ruwan gishiri da sukari na yaro mai zawo, kada a hana shi don tsoron zaƙi.

Mu Kanmu 'Yan Makaranta

Kada mu ce wannan maganar tsofaffi ce. Mu lissafa yinin ɗalibi bayan ranar ziyara, lokacin da akwati ke cike. Shayin safe da cokali 3, giram 12. Jiƙon garin kwaki da rana da cokali 3, giram 12. Ledar biskit bayan wasa, giram 24. Kwalbar lemo ɗaya, giram 50. Jimla giram 98, watau cokali 24 da rabi, kusan ninki biyu na iyakar da aka ba babban mutum. Ba a ma sa alewa da madara ba. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido, kuma halin da aka saba da shi a shekara 16 shi ake kaiwa shekara 50.

Gwamnatoci ma sun farga. Ƙasar Chile ta fara tilasta sa baƙin tambarin gargaɗi a gaban kayan da sukari ya yi wa yawa a 2016. Meziko ta sa wa lemo mai zaƙi haraji a 2014, Ingila da Afirka ta Kudu a 2018. A Nijeriya Dokar Kuɗi ta 2021 ta sa harajin Naira 10 a kan kowace lita ta irin wannan lemo. Amma ba gwamnati ce ke tsayawa da mutum a gaban tebur ba. Hannunsa ne ke ɗauka, bakinsa ke sha.

A ƙarshe ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai, in mun je hutun nan kowa ya tattara gwangwanaye da ledojin da ke ɗakin gidansu, ya karanta wa mutanen gida, ya raba da 4, ya faɗa musu da cokali, domin giram ba ya shiga kunnen kowa amma cokali kowa ya san shi. In da hali a zuba yawan sukarin a faranti a gani da ido. Iyayenmu kuma, in za ku dubiya wurin mai ciwon sukari, ƙwai, kifi, gyaɗa ko ganyen miya sun fi masa kwalin lemo. In za ku kawo mana ziyara, ƙuli-ƙuli da soyayyar gyaɗa da gwaiba ba su kasa biskit ba. Wanda kuma ya haura shekara 40, ko akwai mai ciwon a danginsa, ya daure ya je a gwada jininsa ko ba ya jin komai, don rigakafi ya fi magani. Kun biya mana kuɗin littafi don mu iya karatu, to ku sa mu karanta muku. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, mu kuma ya ƙara mana lafiya da ilmi mai amfani, amin.